Tuwon Masta a Tumbin Direba

Ni ne da laifi. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya karanta har ƙarshe yana neman wanda zai ɗora wa. Na daɗe ina ba da labarin nan a tasha ina cewa Masta ne ya sa ni, abokai suna ta dariya. Gaskiya ne ya roƙe ni, amma bai ɗaure mini hannu ba, kuma ni nake zuwa kasuwa da ƙafata.

Ban taɓa mantawa da ranar da Hajiya Zenabu ta zaunar da ni a tsakar gidanta a Salaga ta ajiye mini kwanon miya biyu ba. Amma kafin mu kai ga kwanonin, bari in bayyana wa direbobinmu na yanzu yadda aikin yake a wancan lokaci.

A ƙarshen shekarun 1980 ina tuƙi a wani kamfani mai sayen ƙwarar kaɗanya da gyaɗa. A sama akwai manajan yanki, sai akawu, sai sitokifa a kowane sito, sai masu awo, sai mu direbobi, sannan leburori. Direbobin ma hawa biyu ne: masu jan manyan motocin kaya, da mai jan motar manaja. Ni karatuna bai wuce makarantar midil ba, amma na yi shekara tara a babbar mota ban taka ko akuya ba, shi ya sa aka ɗaga ni aka ba ni Landirobar manaja. Manajan shi ne Alhaji Mumuni, mijin Hajiya Zenabu. Masta muke ce masa.

Sito uku ne a hannunsa: Salaga, inda gidansa yake, da Yendi, da Bawku. Sau biyu a wata mukan yi zagayen da muke kira tireki. Mu tashi Litinin da safe, mu bi ta Bimbila mu kwana biyu a Yendi, mu wuce ta Gushegu mu gangara dutsen Nakpanduri mu shiga Bawku, ranar Asabar mu dawo gida. Direban tireki ba tuƙi kaɗai ne aikinsa ba. Shi ke cika littafin tafiya, shi ke duba mai da ruwa, shi ke ɗaukar akwati, kuma shi ke nemo abinci.

Wannan na ƙarshen na fi ƙwarewa a kai. Na san mai sakwarar da ta fi laushi a Salaga. Na san matar da ke sayar da wasawasa, wato dambun garin doya, a bayan tashar Yendi, wadda in ta zuba mai sai ya gangaro maka har gwiwar hannu. A Bawku kuwa masu soya zabi da sunana suke kirana. Tumbina a lokacin yana gogar sitiyari, sai na tura kujera can baya sannan nake samun wurin numfashi.

Ana nan sai Masta ya fara shan ruwa kamar raƙumi. Tsakanin Bimbila da Yendi sai ya tsayar da ni sau biyar: "Awudu, taka birki in kama ruwa." Aka kai shi Tamale, likita ya ce ciwon suga ne, ga kuma hawan jini. Aka ba shi magani, aka ba shi doka: ban da zaƙi, ban da soye-soye, gishiri kaɗan, tuwo a auna, ganye da yawa.

Hajiya Zenabu jikar fataken goro ce, doguwar mace wadda ba ta ɗaga murya, don ba ta bukata. Ta ɗauki maganar likita kamar wasiyya. A gida ita ke dafa masa nasa daban a ƙaramar tukunya. Tireki ne ya dame ta. Sai ta aika aka kira ni, ta shigar da ni madafinta kwana uku tana koya mini girki.

Garin dawa gwangwanin madara ɗaya, ba a tsiri, a shafe bakinsa da yatsa. In acca ce, haka nan. Miya ta kuka ko kuɓewa ko ayoyo, da daddawa maimakon dunƙulen kanti, da busasshen kifi wanda ba a sa wa gishiri ba. Mai cokali ɗaya. Gishiri abin da yatsa biyu suka tsinta, sau ɗaya. A gefe kuma gauta biyu. Ta ƙulle kayan kowace rana a ƙyalle daban, ta jera su a kwando, ta haɗa mini da kurfotin gawayi da tukwane biyu da muciya.

Ta ce, "Awudu, ransa yana hannun Allah, amma cikinsa daga Litinin zuwa Asabar yana hannunka."

Na dafa ƙirji na ce, "Hajiya, in na ci wannan amana, Allah Ya..."

Ta ce, "Kada ka rantse. Ka dafa kawai."

Ranar farko a gidan saukar baƙi na Yendi na yi komai daidai. Na hura gawayi, na tuƙa tuwo, na kaɗa kuka, na kai wa Masta a baranda. Ya yi loma biyu ya tsaya yana kallon miyar kamar wadda ta zage shi.

"Awudu, me na yi maka?"

"Ba komai, Masta. Haka Hajiya ta ce."

"Wannan ba miya ba ce, ruwan wankin kuka ne."

To ga laifina na farko. Maimakon in tafi bayan gida in ci nawa, sai na zauna a kan matakala daf da shi na buɗe ganyen wasawasata, da soyayyen kifi, da shito, yajin nan baƙi mai mai. Iska kuma ta ɓangarena take kaɗawa.

Ya ce, "Miƙo in ɗanɗana. Loma ɗaya ba ta kashe mutum."

Na miƙa. Ganye kawai ya dawo mini da shi, shi ma a lashe.

Ya turo mini tiren tuwonsa da ƙafa ya ce in zubar. Nan ne na kasa. Ni a gidanmu ko ƙanzo ba a zubarwa. Uwata takan ce tuwon da aka zubar zai tsaya wa mutum a gaban Allah ya kai ƙara. Ga kuma yunwa, tunda an cinye nawa. Na rufe ido na cinye tuwon Masta tas, har gautar, ina ci ina hawayen ɗaci.

Ba mu taɓa zama mun ƙulla wani abu da baki ba. Kawai dai washegari ma haka aka yi, jibi ma haka. Kafin mu kai Bawku abin ya zama tsari. Ni zan dafa abincin likita daidai yadda Hajiya ta koya mini, ban taɓa ƙara ko ƙwayar gishiri ba, wannan kam na riƙe amana. Sannan in je kasuwa in sayo wa kaina zabuwa soyayya da wake da shinkafa da lemon kwalba mai sanyi. In na dawo sai a yi musanya. Shi ya ci nawa, ni in ci nasa. Ranar Asabar in miƙa wa Hajiya kwandonta da ƙyallaye a ninke, babu sauran komai.

Takan tambaye ni, "Ya ci?"

In ce, "Hajiya, ko loma ba a zubar ba."

Na ɗauka da wannan amsa na tsira daga ƙarya. Wauta ce. Ƙarya ce ta sa babbar riga.

A hanya Masta yakan ba kansa haƙuri da ƙarfi don in ji. "Likitan nan yaro ne, Awudu, sa'an ɗana. Kakana ya sha man shanu har ya kai casa'in." Ni kuma in ce, "Ƙwarai, Masta." Direban manaja yana da wannan cuta ta "ƙwarai". Ko cewa aka yi hanyar Gushegu kwalta ce, sai ya ce ƙwarai alhali haƙoransa na karo.

Bayan wata biyu abu ya fara nunawa. Na lura ina jawo kujerar mota gaba. Wandon kakina ya fara zamewa, na sa ƙusa na huda bel. Bayan 'yan makonni na sake hudawa. Taya ta fashe mana a tsakiyar hawan Nakpanduri, na canza ta ban yi haki ba, har na tsaya ina mamakin kaina. A gida matata Adisa ta tsare ni wai in gaya mata gaskiya, ciwo ne ko tunani. Na ce ba ko ɗaya. Sannan na jawo wa kaina rigima da na ce miyarta ta yi gishiri, miyar da na shekara goma sha biyu ina sha ina yabo. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Masta kuwa sai ƙara cika kujera yake yi. Wata rana ya yi atishawa a mota, maɓallin rigarsa ya tsinke ya bugi gilashi, ƙwas! Na taka birki na ɗauka dutse ne. Muka yi dariya har da hawaye. Ban san abin kuka nake wa dariya ba.

A wata na huɗu, wata Alhamis da hantsi, muna siton Bawku ana awon kaɗanya. Masta na tsaye gaban sikeli sai ya ce lambobin suna rawa. Ya dafa bango, ya zauna a kan buhu, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya kira sunana, muryar ba irin tasa ba. Ni da sitokifa muka ɗauke shi zuwa mota, na kai shi asibiti.

Aka auna jini, aka auna suga, aka yi masa allura. Da ya ɗan dawo daidai likita ya tambaye shi wa ke masa abinci.

Masta ya ce, "Matata ke aunawa, direbana ke dafawa yadda ta ce."

Likita ya juyo ya dube ni. "Haka ne?"

Na ce, "Haka ne, likita."

Ya girgiza kai ya ce to lallai awon matar ba daidai ba ne. Ya ce in aka ci gaba haka, ido zai iya tafiya, ko ƙafa, ko a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ya rubuta takarda ya sa a ambulan ya ba ni ya ce in kai wa uwargida hannu da hannu.

Hajiya ba ta karanta Turanci. Don haka ni ta miƙa wa takardar a tsakar gida ta ce in karanta in fassara. Ni da bakina na gaya mata cewa likita ya ce tana cika gishiri da mai, kuma in tana son ran mijinta ta gyara hannunta. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "To. Ashe ni ce nake kashe shi."

Masta na zaune yana kallon yatsun ƙafarsa. Ni kuma na ninke takardar na ajiye. Da na buɗe baki a lokacin, da labarin ya ƙare a nan. Ban buɗe ba. Tsoro nake kada a mayar da ni babbar mota, ko a kore ni gaba ɗaya. Kafin sati maganar ta zaga dangin Masta, ana cewa Zenabu ko abincin mara lafiya ba ta iya ba. Matar da in ana biki a unguwa ita ake kira ta ɗanɗana miya.

Sai ta gyara hannu, kamar yadda aka ce. Ta cire ɗan gishirin nan gaba ɗaya. Ta cire cokalin mai. Ta rage gari. Gauta ta koma huɗu, ta ƙara da ganyen shuwaka wanda ba a wanke ɗacinsa sosai ba. Kun san kuma cikin wa zai shiga.

Allah Ya gani, a tirekin da ya biyo baya Masta ya ji tsoro ya ci nasa Litinin da Talata. Amma da muka shiga Bawku iska ta kawo ƙamshin zabi, ya dube ni ta madubi, na dube shi. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin: na ga mutumin nan a kan buhu yana kiran sunana, amma na sake tafiya kasuwa. Na dawo na zauna da shuwakar Hajiya ina ci ina matse ido, na ce a raina wannan alhaki ne ya fara tun a duniya.

Asabar da muka dawo, bayan la'asar, na sauke kwando zan tafi sai Hajiya ta ce, "Awudu, zauna ka ci abinci." Masta na kan kujerarsa a gindin mangwaro. Aka shimfiɗa mini tabarma, ta kawo tuwon zafi malmala ɗaya, da miyar ayoyo kwano biyu. Ta jawo kujerar tsuguno ta zauna tana tsintar shinkafa.

Na yi bismilla na tsoma a kwano na farko. Gishiri ya buge ni har cikin kunne. Na yamutsa fuska na jawo ruwa. Na gwada na biyu, na ji shi daidai, har ɗanɗanon daddawa da kifi yana fitowa. Na ture na farko gefe na duƙufa a kan na biyu. Akwai gauta a gefen tire, na haɗa da ita ina ɓarzawa kamar gyaɗa. Sai da na sa yatsa na share kwanon sannan na ɗaga kai na ga ta daina tsintar shinkafa.

Ta ce, "Awudu, wadda ka ture, miyar gidan nan ce. Ita kake sha tun da ka fara tuƙa Alhaji, har kana cewa a miƙo maka gishiri. Wadda ka share kuma ta mara lafiya ce. Yaushe harshenka ya saba da ita?"

Na ce, "Hajiya, ai... mura nake yi."

"Allah Ya sawwaƙe. Tashi tsaye. Ɗaga rigarka."

Na tashi na ɗaga. Ta nuna bel ɗina da tsinken tsintsiya tana ƙirgawa. "Ɗaya, biyu, uku. Huda uku, duk da ƙusa. Alhaji, kai ma tashi mu ga naka."

Masta ya ce ƙafarsa na ciwo.

Ta ce, "Shekara ashirin da huɗu ina aure da mutumin nan, bai taɓa cin gauta ba sai ina tsaye a kansa. Amma kwandona yana dawowa ko guda babu. Na daɗe ina wannan tunani, takardar likita ce ta rikita ni. Ashe abincina yana aiki. Ga shi nan tsaye ya koma saurayi. Cikin da yake shiga ne ba na Alhaji ba."

Masta ya yi gyaran murya. "Zenabu, kin san kakana ya sha man shanu har..."

"Kakanka da ƙafa yake zuwa Kumasi ya dawo, da kayan goro a ka. Kai daga ɗaki zuwa mota sai an riƙe maka jaka."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, sai Hajiya ta juyo kaina, dariyar ta gudu da kanta. A nan ya kamata in durƙusa. Maimakon haka sai na ce, "Hajiya, Masta ne yake sa ni. Ni yaronsa ne, ba ni da yadda zan yi."

Ta ce, "Shi mara lafiya ne, kwaɗayi na cikin ciwonsa. Shi ya sa ban ba shi kwandon ba, kai na ba. Je ka gida."

Ranar Litinin na zo ina jiran a ce in miƙa makulli. Sai ga Hajiya ta fito da mayafi da jaka da kwando, ta buɗe ƙofar baya ta zauna. Wata biyu tana bin mu tireki. Ita ke dafawa, ita ke zama har sai ya cinye, da gautarsa. Ta mayar da ɗan gishirinta da cokalin mai, yadda ta auna tun farko. In muka wuce masu zabi a Bawku suna ɗaga mini hannu, "Awudu! Yau ba ka tsayawa?" sai in kafe ido a kan hanya kamar ban taɓa ganinsu ba. Ni ma daga tukunyar take zuba mini, amma ba ta ce mini komai sai "tsaya" da "mu tafi". Wannan shirun ya fi shuwaka ɗaci.

A ƙarshen wata na biyu aka sake auna Masta a asibitin Bawku. Likita ya ce yanzu ne ake magana, ya ce lallai uwargida ta ji gargaɗinsa. Da suka fita na koma ciki ni kaɗai, na cire hula, na gaya masa komai, har na nuna masa bel. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya daina, ya wanke ni tas. Na roƙe shi ya rubuta wata takarda. Ya rubuta cewa awon uwargida daidai yake tun farko, shi likitan ne aka ba labarin ƙarya.

Abin da na koya, ku da kuke tuƙa manya yanzu, shi ne direba yana ganin abin da ko matar gida ba ta gani, don haka amanarsa ba a birki kaɗai take ba. Wanda ke ce wa maigidansa "ƙwarai" a kan komai ba biyayya yake yi ba, kujerarsa yake tsaro. Masta ya rayu shekaru masu yawa bayan haka da idonsa da ƙafarsa, kuma ba ni na jawo hakan ba. Ni dai abin da na samu, har yau gishiri kaɗan nake ci, Adisa ma ta haƙura ta rage.

Da muka dawo Salaga na fara bi gidajen dangin Masta ɗaya bayan ɗaya ina karanta musu sabuwar takarda, ina faɗin wanda ya ci tuwon. Sannan na zo gidan. Hajiya na madafi tana auna gari da gwangwaninta. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa na tsuguna na karanta mata.

Ta ce, "Na ji ta likita. Taka fa?"

Na ce, "Hajiya, kin ba ni amana na ci, har da gautarta. Na cuci Masta da sunan tausayi, alhali tsoron rasa kujerata nake. Na bari aka ɗora miki laifina, kuma da bakina na karanta miki shi ina sane. Ba Masta ba ne, ni ne. Ki yafe mini don Allah."